KWALI A HANNU, BABU JAGORA: WA ZAI RIƘE HANNUN ƊAN BANGA?

Kowace shekara jami'o'i da manyan makarantun ƙasar nan suna yaye dubban matasa, a sa musu doguwar riga da hula, a ɗauki hotuna, iyaye su yi ta hamdala. A cikinsu akwai 'ya'yan Banga da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, waɗanda sai da aka kai akuya kasuwa, aka sayar da buhun gero tun kafin ya yi daraja, wani ma aka jinginar da gona, sannan suka ga ƙarshen karatun. To, bayan an naɗe rigar biki an mayar wa masu ita, sai me? Sai yaro ya tafi bautar ƙasa ya dawo, ya jefa kwalinsa a ƙasan akwati, ya koma majalisar bakin titi. Shekara ɗaya ta wuce, biyu ta wuce, har ƙannensa su fara cewa: in dai wannan ne ƙarshen boko, gara a nemi babur a shiga kabu-kabu tun da wuri.

Ilimi kam yana da shi daidai gwargwado. Abin da ya rasa shi ne wanda zai riƙe hannunsa ya nuna masa inda ƙofa take da yadda ake ƙwanƙwasa ta. Kuma lalle wani kaso babba na alhakin wannan yaro yana wuyan waɗanda suka riga shi fita daga waɗannan garuruwa, suka yi karatu, suka samu wurin zama a ofisoshi da kamfanoni da asibitoci da jami'o'i, sannan suka janye tsanin da suka hau.

MAKARANTU SUN SAMU, TSANI NE BABU

Ba za a ce wannan yanki bai samu makarantu ba. Tun 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, wato shekara 13 kafin a ciri Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996. Jami'ar Sakkwato, wadda ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana nan tun 1975. Ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 1962, ga ta Bayero a Kano. A 2013 aka buɗe Jami'ar Tarayya a Gusau, daga baya jiha ta kafa tata a Talatar Mafara. Ma'ana, an shafe shekaru fiye da 40 ana yaye ɗalibai a ƙofar gidan mutanen Banga. Shin ina duk waɗannan da aka yaye? Suna nan a Gusau da Kaduna da Abuja da Legas, wasu ma a ƙasashen waje. Akwai injiniyoyi, akwai akantoci, akwai malaman jami'a, akwai manyan ma'aikata, akwai waɗanda suka yi ritaya suna zaune da ilimin aiki na shekara 35 a ƙirjinsu, ba mai tambayarsu, su ma ba su neman wanda za su zuba wa.

A ɗaya gefen kuma, wuraren da da can suke ɗaukar matasa sun tsuke. Layin dogon da ya iso Ƙauran Namoda a 1929, wanda ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga, ya daɗe da daina harkar da aka san shi da ita. Masaƙar Gusau ta daɗe a rufe. Aikin gwamnatin jiha da na ƙaramar hukuma ba zai ɗauke ko kashi kaɗan na masu kwali ba. Ga yajin aikin malaman jami'a da ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, alhali kamfanoni da yawa suna gindaya sharaɗin shekaru ga mai neman aiki, ita ma hukumar bautar ƙasa da aka kafa a 1973 ba ta ɗaukar wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama. Wato ɗan talaka yana tsere ne da lokaci, kuma yana yin tseren a cikin duhu.

MAI UWA A GINDIN MURHU

Hausawa suka ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ɗan babban ma'aikaci da ya tashi a Abuja ko Kaduna tun yana sakandare yake jin hirar aiki a kan tabarmar cin abinci. Ya san wane kwas ke da kasuwa, ya san lokacin da ake buɗe neman tallafin karatu, ya san yadda ake tsara takardar tarihin karatu da aiki, ya san irin amsar da ake so a wajen intabiyu. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa, a iska ya shaƙa. Ɗan manomin Banga kuwa, wanda watakila shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, wa zai tambaya? Mahaifinsa ya san ƙasa da damina da iri, amma bai taɓa ganin takardar neman aiki ba.

Wannan ba a Nijeriya kaɗai yake ba. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke mai suna Mark Granovetter ya yi bincike a kan ma'aikata a wani gari kusa da birnin Boston, ya fitar da sakamakonsa a 1973 da 1974. Ya gano cewa mafi yawansu ta bakin mutane suka ji labarin aikin da suke yi, kuma abin mamaki, galibi daga mutanen da ba su cika haɗuwa da su ba, kamar tsohon abokin makaranta ko tsohon abokin aiki. Dalilin a fili yake: aminanka na kullum abin da ka sani shi suka sani, wanda yake nesa da kai shi ke da labarin da bai iso unguwarku ba. Matasa goma da ke zaune a benci ɗaya a Ƙaura, duk masu kwali, duk ba aiki, ko sun kwana suna hira ba wanda zai kawo wa ɗan uwansa sabon labari. Amma waya ɗaya daga wani da ya gama makarantarsu shekara 15 da suka wuce, yana aiki a Fatakwal, tana iya canja rayuwar ɗayansu.

Manyan Arewa sun daɗe da gane wannan. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, wadda aka sani da Barewa, ita ta fitar da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Malam Aminu Kano da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari. Masu mulki da masu adawa duk daga makaranta ɗaya suka fito. Ko mutum yana son abin da suka yi ko ba ya so, ba zai musa ba cewa sun san juna, sun ja juna, na gaba yana waiwayen na baya, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibansu ta zama ƙarfi a ƙasar nan. Tambayar ita ce: don me wannan dabara za ta zama ta 'ya'yan makaranta ɗaya ko biyu kawai? Wa ya haramta wa talakawa su haɗa kansu?

IYAYE SUN RIGA 'YAN BOKO SANI

Abin takaici shi ne 'yan boko sun yar da abin da kakanninsu da ba su shiga aji ba suka riƙe da kyau. A zamanin fatauci ba wanda ke tashi rana ɗaya ya ce zai je Gwanja sayo goro. Sai ya bi ayari a ƙarƙashin madugu, ya yi shekaru yana yaron wani, ya koyi hanya da mashaya da harshen mutane da yadda ake ciniki, sannan maigidansa ya ba shi jari ya tsaya masa a wajen fatoma. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ta wannan hanya ta goro ya taso, kuma da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano sai ya riƙa ba yaransa jari suna shiga ƙauyuka suna saye, da yawansu suka zama attajirai da kansu. Shi ma Aliko Ɗangote, wanda ya fito daga wannan zuriya ta wajen uwa, da rancen da kawunsa ya ba shi ya fara kasuwanci a 1977. Inyamurai kuma har gobe suna ɗauko yaro daga ƙauye, ya yi shekaru a shagon maigida, ranar sallama a buɗe masa nasa shagon.

Haka maƙeri, haka dukawa, haka mahauta, haka tela, haka direban babbar mota da yaron motarsa. A kasuwar Shinkafi ba a zama dillalin dabbobi sai an tsaya a bayan wani dillali. Ko a makarantar allo gardi ne ke biya wa ƙolo. Kowace sana'a ta san cewa na gaba ne ke yaye na baya. Sai a wajen ɗan boko ne kawai aka wayi gari mutum ya samu kujera ya kulle ƙofa, ya canja lambar waya, in ya zo gida da Sallah ya raba 'yan kuɗi ya koma kafin gari ya waye.

JAGORA DABAN, UBANGIDAN SIYASA DABAN

A nan mai karatu zai iya cewa: to ai wannan shi ne "wa ka sani" ɗin da ya kashe ƙasar, shi ne alfarma da son kai da ake kuka da su. Wannan magana tana da nauyi, kuma dole a tsaya a kanta. Kowa ya ga abin da rashin gaskiya a ɗaukar aiki ya jawo. A watan Maris na 2014 dubban matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga aikin shige da fice, bayan an karɓi Naira 1,000 a hannun kowannensu, aka yi turmutsitsi, rayuka suka salwanta. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki badaƙalar sayar da guraben aiki, aka ji shaidu suna bayyana yadda suka biya kuɗi don a ba su takardar kama aiki, kuma zargin ya taɓa har hukumar da aka kafa a 1996 don ta tabbatar da raba daidai tsakanin jihohi. Wanda ya tura ƙaninsa da bai cancanta ba ya danne haƙƙin wanda ya cancanta, zalunci ya yi, ko da sunan zumunci ya yi shi.

Amma akwai tazara mai nisa tsakanin wannan da jagoranci. Mai alfarma yana tsallakar da yaro jarrabawa, jagora yana zaunar da shi ya shirya mata. Mai alfarma yana ɓoye labarin gurbi don ɗansa, jagora yana baza shi ga duk wanda ya cika sharaɗi. Ubangidan siyasa yana son yaro ya dawwama a ƙofar gidansa yana riƙe jaka, yana tumasanci, yana zagin abokan hamayya a Facebook don ɗan abin sayen kati. Jagora kuwa burinsa ranar da yaron zai daina buƙatarsa. Mai kwalin digiri nawa ne a yau suka ƙare a 'yan amshin shata, shekara huɗu tana ƙarewa a watsar da su kamar ɓawon rake? Kuma a lura: in masu gaskiya suka nannaɗe hannu wai suna gudun a ce sun yi alfarma, sanayya ba za ta gushe daga duniya ba, za ta zauna ne a hannun 'ya'yan manya su kaɗai. Maganin sanayyar ɓoye shi ne a fito da ita fili, a tsara ta, a mayar da ita haƙƙin kowane ɗalibi, ɗan sarki da ɗan talaka.

AIKIN DA KE GABAN TSOFAFFIN ƊALIBAI

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Amma sau da yawa me suke yi? Liyafar shekara, anko, kalanda, ba wani mai muƙami lambar yabo, sai rigimar zaɓen shugaba. Gaisuwar rasuwa da gudummawar biki abu ne mai kyau, ba mai cewa a bari. Sai dai ƙungiyar da ta shekara goma ba za ta iya nuna matashi goma da ta ɗora a kan hanya ba, ta binciki kanta. Ga abubuwan da ba sa buƙatar miliyoyi:

Na farko, a yi rajista. Kowane gari, Banga ko Zurmi ko Shinkafi, ya san 'ya'yansa da suka yi karatu, me suka karanta, ina suke. Littafi ɗaya da mutum biyu masu amana sun isa.

Na biyu, a haɗa kowane ɗalibin da ke shekarar ƙarshe da wani babba a fanninsa, injiniya da injiniya, ma'aikacin jinya da ma'aikacin jinya. Babba ɗaya ya ɗauki yara biyu ko uku na shekara guda, su yi magana ko sau ɗaya a wata. Ya duba musu takardunsu, ya yi musu gwajin intabiyu, ya faɗa musu gaskiya in Turancinsu ko iya kwamfutarsu da sauran gyara.

Na uku, a taimaka da wurin koyon aiki. Tun 1973 asusun ITF ya ɓullo da shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu, kuma mai ƙaramar difloma yana yin shekara guda a wajen aiki kafin ya koma babbar difloma. Yara da yawa suna ɓata wannan lokaci a ofishin da ba abin da ake yi sai sa hannu a littafi. Tsohon ɗalibin da ke da gareji ko ɗakin gwaje-gwaje ko kamfanin gini ya buɗe ƙofa ga mutum ɗaya kowace shekara.

Na huɗu, a bayyana wa matasa cewa kwali mafarin tafiya ne. Injiniya yana buƙatar rajistar COREN, akanta yana buƙatar jarrabawar ICAN ko ANAN, malamin makaranta yana buƙatar shaidar TRCN. Wanda ya bi ta nan shi ya san kuɗinta da lokacinta da littattafanta. Asusu ɗan ƙarami na karo-karo zai iya biya wa hazikai biyu kuɗin jarrabawa kowace shekara, su kuma in sun samu su biya wa na bayansu.

Na biyar, a baza labari a kan lokaci. Akwai tallafin karatu na PTDF, akwai na TETFund ga malaman manyan makarantu, akwai Chevening na Ingila wanda ke neman gogewar aiki ta shekara biyu da mutanen da za su rubuta wa mai nema takardar shaida, akwai gidauniyar Tony Elumelu da tun 2015 take ba masu ƙananan sana'o'i jarin Dala 5,000 tare da horo. Wasu jihohi suna cika waɗannan gurabe da 'ya'yansu domin akwai masu tuna musu ranar rufewa. Ɗan Banga sau da yawa sai an rufe yake ji.

Kuma kada a taƙaita abin ga aikin albashi, domin ko an haɗa duk sanayyar duniya ba za ta haifar da kujerun da babu su ba. Wanda ya karanta aikin gona a haɗa shi da mai sarrafa waken soya ko shinkafa, wanda ya karanta lantarki a haɗa shi da mai harkar sola. Attajirin kasuwa da bai yi boko ba shi ma jagora ne, kuma sau da yawa ya fi darakta abin koyarwa.

UZURIN TSARO

Za a ce ai gida ba ya shiguwa. Gaskiya ne, kuma ba mai raina wannan. A 2021 an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, a shekarar kuma aka rufe makarantu da kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar. A 2023 an kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya. A 2025 Banga kanta ta ga baƙin ciki, lokacin da 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 30 daga cikin waɗanda suka sace daga garin, bayan an biya kuɗin fansa. Ba wanda zai zargi ma'aikacin da ya ji tsoron hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi.

To amma wannan hujja ce ta ƙara himma. Garin da aka hana shi noma, aka tatse shi da kuɗin fansa, ba abin da ya rage masa da ya wuce 'ya'yansa. Albashin mutum ɗaya a irin wannan gari yana ciyar da gida uku. Sannan yaron sakandare da ya ga yayansa mai digiri yana zaman kashe wando, ya ga kuma wani tsaransa yana wasa da kuɗin da ba a san asalinsu ba, wane darasi ake so ya ɗauka? Jagoranci kuwa ba sai an hau mota ba. Wayar da ake kwana ana musun siyasa da ita a WhatsApp, ita ce dai za a duba wa yaro takardarsa da ita. Ana iya taro a Gusau ko Zariya ko Sakkwato inda ɗaliban suke. Wanda ya so yi zai samu hanya.

SHI KUMA MATASHI

Nauyin ba a kan manya kaɗai yake ba. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambaya. Matashin da bai taɓa gaida mutum ba sai ranar da ya tura masa saƙo cewa "Yallaɓai a taimaka da aiki ko da na ɗan wani abu," ya rufe wa kansa ƙofa. Ya nemi shawara kafin ya nemi alfarma. Ya je da tambaya takamaimiya: ga abin da na karanta, ga abin da na iya, me ya rage mini? In an ba shi aiki ya yi, in an sa masa lokaci ya cika, in an gyara masa ya karɓa ba tare da fushi ba, in ya samu ya koma ya yi godiya. Ya sani cewa duk wanda ya tsaya masa sunansa ya jingina; in ya yi ha'inci ko lalaci, ya toshe hanyar mutum goma da ke bayansa.

Kada kuma ya raina abokan ajinsa, ko waɗanda ya haɗu da su a sansanin bautar ƙasa daga wasu jihohi da wasu ƙabilu, domin su ne manyan gobe. Kada ya jira sai ya zama darakta kafin ya waiwaya. Wanda ke aji uku a jami'a ya isa ya nuna wa ɗan sakandare yadda ake cike fom ɗin JAMB da yadda ake zaɓen kwas. Mai bautar ƙasa ya isa ya ja ɗan aji ɗaya. In manya sun yi nauyin jiki, matasa biyar sun isa su ɗauki littafi da biro su fara rajistar garinsu a wannan makon, su bi manyan ɗaya bayan ɗaya da ladabi. Da wuya a samu wanda za a ce masa "Baba, yara biyu kawai muke so ka riƙa dubawa" ya ce a'a.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya zama wani abu daga wannan yanki, in ya yi tunani zai tuna malamin da ya saya masa fom, ko ɗan garinsu da ya ba shi wurin kwana a Samaru, ko wanda ya rubuta masa takarda bai karɓi ko kwabo ba. Wannan bashi ne, kuma ba a biyan sa ga wanda ya bayar, ana biyan sa ne ga yaron da ke tsaye a baya yana jira. Allah ya sa a gane, ya kawo wa Banga da maƙwabtanta zaman lafiya.